Mai Kwalabe Ya Bar Bakin Rafi

Ranar Laraba, sha biyu ga watan Nuwamba, da hantsi, Allah Ya karɓi ran ɗan kawuna kuma taubashina, wanda yara da manya suke kira Mai Kwalabe. Ya cika a zaurensa, bayan ya sha shayi ya kuma yi wa matarsa ƙorafin ta rage masa sukari. Na Allah ne, wurin Allah ya koma, mu ma can muka nufa. Shekarunsa sittin da bakwai, ko da yake shi sittin da biyu yake faɗa tun shekara biyar da suka wuce.

Taubashi, na zauna in rubuta maka ta'aziyya mai nauyi irin wadda ake yi wa manya, sai na tarar alƙalami yana gudu a hannuna. Ka yafe mini. Labarinka ba ya barin mutum ya daɗe da ɗaure fuska, kuma akwai abin da nake ɗokin jama'a su sani kafin ya shige cikin mantuwa.

Shekara talatin ka yi a gidan ruwa kana gyaran famfo da bututu. Da ka ajiye aiki sai ka dawo majalisarmu ta ƙofar shagon mai faci, ka shiga gyara wa kowa zance. Ana cikin haka aka ba da kwangilar rushe tsohuwar gadar rafin nan a gina sabuwa. Ga wanda bai san gadar ba, ta girme mu duka, ƙarafunan gefenta sun daɗe da zama ƙofofin gidajen mutane, kuma in tifa ta hau sai ka ji tana rawa har cikin haƙoranka. Takardar kwangila ta ce jama'ar gari su ba da mutum ɗaya da zai sa ido kan ruwan, domin unguwanni uku na ƙasan gada daga rafin suke sha, a nan suke wanki, da shi suke ban ruwan lambu. Yau zan faɗi gaskiya: ni na kawo sunanka. Ban yi don kishin ruwa ba. So muke majalisa ta huta. Mun ɗauka za a ba ka kujera a ƙarƙashin bishiya ka yi ta gyangyaɗi har a gama.

Kashegari ka bayyana a wurin aiki da kwalabe biyu farare da tsohuwar jarida a hammata. Ka cika ɗaya a saman gada, inda aiki bai taɓa ruwa ba, ka cika ɗaya a ƙasanta, ka shiga ɗakin kwanon da injiniya yake zama, ka dire su a kan zanen gadar. Ka tsayar da jaridar a bayansu. Dokarka guda ce: in ana iya karanta ƙananan rubutu ta cikin kwalbar sama, ba a iya karantawa ta cikin ta ƙasa, to aiki ya tsaya sai an gano inda laka take shiga. Injiniyan, mutum mai haƙuri da tabarau, ya yi dariya ranar farko. A rana ta huɗu ya daina.

Na karanta tarihin mutane da yawa da suka tare runduna a mashigi, amma ban taɓa ganin wanda ya tare katafila da jarida ba sai kai. Direbanta, wanda leburori ke kira Sarkin Gaggawa, ya so ya ratsa ta tsakiyar rafi don kada ya zagaya. Ka tsaya a gabanta.

"Baba, rafi fa ba shayi ba ne," in ji shi daga can sama. "Ko ba mu yana yin laka."

Ka ce, "Lakarsa daban, taku daban. Ja da baya, ɗana, kafin rana ta yi zafi."

"In na zagaya sai azahar."

"To ka ga ka samu jam'i."

Ya zagaya. Daga nan abubuwa suka yi ta biyo baya, kowanne da rigimarsa. Aka jera buhunan yashi aka kautar da ruwan gefe guda, don a yi aiki a busasshiyar ƙasa. Aka kafa shingen ƙyalle a gangaren da aka sare, don ƙasa kada ta zurare. Ranar da za a fasa saman tsohuwar gada, ka sa aka ɗaure tamfol da raga a ƙarƙashinta, ɓaraguzai suka riƙa faɗawa ciki maimakon cikin ruwa. Ka hana zuba wa inji mai sai an yi taku arba'in daga gaɓa, kuma da ƙafarka ka auna. Na gaya maka arba'in ɗinka talatin ne na cikakken mutum, sai ka ƙara goma ba ka ko dube ni ba.

Wata biyu kwalbar ƙasa tana fitowa tas. Ka fara tafiya kamar wanda ya ci zaɓe. A nan ne kuskuren ya same ka, kuma shi nake so a sani, don ya fi duk nasarorin nuna ko kai wane ne.

Da aka fara zuba kankare, an haƙa rami a gefe inda ake wanke injin kwaɓa siminti da shebur da baro. Ruwan wankin yakan kwana biyu ya kwanta, simintin ya nutse ƙasa, na sama ya yi garau har kana ganin fuskarka. Ramin ya cika. Aka tambaye ka ko a janye ruwan saman a saka shi cikin rafi. Ka cika kwalba, ka ɗora jarida, ka karanta har da tallan da ke ƙasan shafi. Ka ce a saki. Aka zura tiyo, ya yi rabin awa yana zuba cikin rafi. Wanda ya yi shekara talatin yana korar laka daga famfo, a wurinsa ruwa mai haske shi ne ruwa mai kyau, kuma duk wanda ke wurin ya yarda da kai.

Kafin la'asar sai ga Inna mai lambu, dattijuwar da ke da fadamar farko a ƙasan gada, ta hawo gangare da kwano a ka, mata huɗu na biye da ita. Ta sauke shi a ƙofar ɗakin injiniya. 'Yan kifaye ne, cike, duk sun juya ciki sama. Ta miƙa hannuwanta, sun yi ja kamar an zuba musu ruwan zafi. Wanki kawai ta yi.

Injiniya ya fara laluben bakin zare, yana maganar zafin rana da ƙarancin iska a ruwa. Kai ka katse shi. Ka cire hularka, abin da ban taɓa gani ba sai wurin wanzami, ka ce, "Inna, ni na ce a saki. Kada ki nemi kowa."

Ta dube ka daga sama har ƙasa, tafiyar da ba ta da nisa, ta ce, "To mai jarida, yanzu sai ka karanta musu su tashi."

Wani tsohon birkila ne ya warware mana. Ya buɗe tafin hannunsa, duk tsaga, ya ce ruwan siminti ko ya yi haske kamar hawaye yana ci, shi shekara arba'in yana cinsa. Nan injiniya ya tuna akwai 'yan takardun gwaji a aljihun teburinsa, waɗanda ake tsomawa su canza launi, ba a ko ɓare ledarsu ba. Aka tsoma ɗaya a ramin, ta rine nan take.

Da wani ne, da ya koma gida ya kwanta ciwon kunya. Kai washegari ka zo da kwalabenka, da takardun gwajin a aljihun gaba, da kuma bokiti mai 'yan kifaye biyar da ka roƙa wurin masunci. Ka ce takarda ta taɓa yaudararka sau ɗaya, don haka duk ruwan da za a mayar rafi sai an zuba wa kifin sun yi awa guda a ciki suna harkarsu. Leburori suka raɗa musu "kwamitin Baba". Har injiniya yakan leƙo ya tambaya ko kwamiti ya zauna. Ruwan ramin wanki kuwa ka ce ko kwamiti ba za a wahalar ba, ba zai ƙara shiga rafi ba har abada. Tanka za ta riƙa kwashe shi zuwa wani tsohon ramin dutse da ke nesa da kowace rijiya.

Sai ranar hadarin farko. Ina nan, don na zo kawo maka maganin hawan jini da ka manta a gida. An yini ana zuba ginshiƙin tsakiya, ramin wanki ya cika har baki, tanka kuma ta tafi tun safe ta lalace a hanya. Wajen ƙarfe uku gabas ta yi baƙi. Kowa ya gane lissafin ba tare da an faɗa ba: in ruwan sama ya sauka a kan ramin nan, zai tumbatsa ya gangara rafi gaba ɗaya, kuma abin da ya kashe kwano ɗaya na kifi tiyo guda ne na rabin awa. Wannan karon unguwanni uku ne, da randunansu da lambunansu.

Leburori sun fara tattara kaya su fake. Ka hau kan tulin yashi, ka yi wata murya da ban san kana da ita ba. Ban riƙe kalmomin ba, na dai ga mutane sun ajiye abin da ke hannunsu. Aka kwance tamfol ɗin da ya tare ɓaraguzai aka ja shi kan ramin. Bai rufe ba, saura kusan kashi ɗaya cikin uku. Aka mirgino duk durom ɗin da ke wurin, aka yi layi da bokitai ana rage ruwan, hannuwa cikin leda saboda ci. Ni da ban ɗaga abin da ya fi ƙamus nauyi ba cikin shekara ashirin, sai ga ni a tsakiyar layi, birkila a damana, injiniya a haguna, tabaransa sun zamo har kan hanci. Iska ta taso. Matan ƙasan gada suka hango, suka hawo da bahon wanki da manyan tukwane, Inna a gaba tana ba da umarni kamar ita ta ci kwangilar.

Duk da haka ba za mu ci ba. Ɗigon farko ya fara sauka, ramin bai ragu da taku ɗaya ba. Sai muka ji rurin katafila. Sarkin Gaggawa ne, ba wanda ya aike shi. Ya zagayo ta doguwar hanya, ta nan da ka koya masa, ya kafa haƙoranta a ƙasa, cikin minti goma ya tayar da ganuwa tsakanin ramin da rafi, ya kuma yanka wata kwata ta sama da za ta kori ruwan gangare ya bi gefe. Rannan gaggawarsa ta yi rana. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, muna tsaye a ciki muna kallon ramin yana cika, yana cika, ya zo ya dafa ganuwar ya tsaya.

Direban ya leƙo, jiƙe sharkaf, ya ce, "Baba, na taka maka rafi?"

Ka ce, "Ba ka taka ba. Sauko ka sha magani, ga malam ya kawo."

Maganin ya riga ya narke a aljihuna. Mun yi dariya a cikin ruwan nan har Inna ta ce mu manya ne ko me.

An buɗe gada a ƙarshen damina. An yi jawabai, an gode wa mutane da yawa waɗanda ban taɓa gani a bakin rafin ba, ba a ambace ka ba. Na ji haushi, kai ko a jikinka. Kana can ƙasa kana nuna wa masunci inda kifi suka dawo suna kwanciya a inuwar sabon ginshiƙi.

Ranar da ka rasu babu ruwa a famfon unguwarku, kwana uku ke nan. Na so a ce kana nan ka ji irin abin da zan faɗa a kan gidan ruwanku. Masu wanka suka tsaya cirko-cirko, ana shawarar a aika neman 'yan garuwa. Ba a gama shawara ba sai ga matan ƙasan gada a ƙofar gida, kowacce da bokiti a ka, sun ɗebo daga rafi. Liman ya leƙa, ya ɗiba a tafin hannu ya shinshina, ya ce a shiga da shi. Ba a tace ba, ba a jira ya kwanta ba. Da shi aka yi maka wanka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga uwar 'ya'yanka, wadda ta yi shekara arba'in tana haƙuri da gyare-gyarenka, da babbar 'yarka da ƙannenta huɗu, da jikoki, da yayarka Gwaggo wadda ta ga tafiyar ƙaninta. Ina yi wa birkila da direba da injiniya, waɗanda suka zo suka ɗauki makara ba wanda ya kira su. Ina yi wa unguwanni ukun nan da majalisarmu, wadda ta samu hutun da ta nema ta kuma rasa yadda za ta yi da shi.

Allah Ya jiƙanka, Taubashi. Ya yafe maka kurakuranka kamar yadda ka tsaya ka amsa naka a gaban mutane. Ya haskaka kabarinka, Ya sanyaya makwancinka, Ya sa duk wanda ya kurɓi ruwan rafin nan, mutum ko dabba ko tsuntsu, ladan ya iske ka. Ya shayar da kai daga tafkin Manzonsa, shan da babu ƙishirwa bayansa. Mu da muka rage, Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.