Batiran da Suke Mutuwa a Cikin Langa

Ƙaurin tuwo nake fara tunawa, sannan kukan gem ɗina, abin wasan nan mai batir, idan tubalan da ke gangarowa suka cika layi. Kawuna ne ya kawo mini shi Gwarzo daga Kano, ɗan abu kamar tafin hannu, a shekarar da aka fara shari'ar Musulunci, komai kuma ya yi tsada.

Baba ya jujjuya shi ya ce ba caca ba ce, amma zai cinye mini hadda. Ya yanke hukunci Inna ta ajiye, a riƙa ba ni Alhamis da Juma'a, ranakun da babu Islamiyya. Inna ta karɓa da yatsu biyu kamar mai ɗaukar ɓera, ta jefa a langa ta rufe.

Duk Alhamis sai in tarar batiran sun mutu, Baba kuwa ya ce sababbi sai ƙarshen wata. Rabin hutuna yakan ƙare ina gadin batiran da na shanya a rana kamar kuɓewa.

"Inna, me yake shanye su?"

"Sanyin langa ne, 'yar nan."

Na yarda, har na riƙa naɗe gem ɗin da ɗankwali kada sanyi ya kama shi.

Sai da na gama jami'a Inna ta gaya mini, tana dariya har da hawaye, cewa da mun fita makaranta takan ɗora tukunya ta buɗe langa. Tuwon da ya yi ta ƙauri a shekarar ma ba laifin itace ba ne.