Masu Jira a Gindin Darbejiya

Har yau ranar da Sista Rifkatu ta tashe ni daga kan teburina ba ta fita raina ba. Abin da zan faɗa na ciro shi ne daga littafin aikina da abin da ita Sista ta tuna. Mun saɓa a kan watan, amma mun yarda damina ce, kuma ranar awo. Sunan mutumin da ya zo mini da maganarsa kuwa na sauya shi.

Lokacin ina sabon jami'in tattara bayanai a wani shirin lafiyar haihuwa, aka tura ni ƙaramin asibiti wajen Inkil. Umarni ya zo daga sama cewa a riƙa sa maza cikin shirin, aka ƙara gurbi a fom: maza nawa aka tattauna da su. Mako uku ina rubuta "babu", ina ja masa layi da rula.

Sista, wadda ke shugabantar asibitin, ta duba fom ɗin ta ce, "Ɗana, a jami'arku ba a koyar da leƙa taga ne?"

Na leƙa. A gindin darbejiya maza ne zaune kan baburansu, suna jiran matan da suka kawo. Na je na yi sallama, na karanta musu jawabina kan tazarar haihuwa. Wani ya ce, "Malam, kai ka yi auren ma kuwa?" Aka yi dariya, har da ni.

Da na juya, wani tela, Malam Sabo, ya biyo ni. Ya sassauta murya ya ce, "Shekararmu shida da aure, ba haihuwa. Matata ake ta aunawa, kuma a kanta Innata ke ɗora laifi, har ta fara zancen in mayar da ita gidansu. Namiji fa, ana auna shi?"

Na ce ana yi, amma bari in tabbatar. Da na shiga na tambayi Sista, ta ce, "Wannan ma sai ka tabbatar?" Katunanmu duk na mata ne, don haka ta yago takarda ta rubuta masa zuwa babban asibiti.

Bayan kamar wata biyu ya tsayar da babur ya gaishe ni. Ya ce yanzu shi ake dubawa, an ɗora shi kan magani, kuma matarsa ta sani.

Nan na gane cewa mun tsara aikinmu tamkar haihuwa ta mace ce ita kaɗai, shi ya sa laifin rashinta ma yake faɗa mata. Abin da na ji nauyin tambayarsa, kuma har yau ban sani ba, shi ne: ya gaya wa Innarsa?