Hannun da Seydou Ya Zana

Shekara shida muna fentin gidaje tare da Seydou a Greensboro ta Amurka, ni a gindin tsani shi a sama, kuma ban taɓa ganin mutumin da farin fenti ya wulaƙanta kamarsa ba. Ni Uwaisu, ɗan Kano, fenti a wurina hanyar tuwo ce kawai. Shi kuwa mai zane ne tun daga Maradi. A can shi ke zana allunan masu aski da bayan manyan motoci, har da hotunan alhazai na ratayewa a falo. Ya taɓa gaya mini dokar sana'ar a gida: duk wanda ka zana, ka ƙara masa kumatu, ka haska masa fata, ka sa masa babbar riga, bayansa kuma ka zuba ruwan zinariya. Ba a sa inuwa, don inuwa tana sa mutum ya yi kama da marar lafiya.

A shekarar 2003 muka sami aiki a wani katafaren gida a Irving Park. Mai gidan wata tsohuwar Baturiya ce da ta yi ritaya daga koyar da tarihin zane. Sai da muka kwashe littattafan ɗaki guda kafin mu ga bango. Lokacin cin abinci na nemi Seydou na rasa, ashe yana zaune a kan bokitin fenti da wani ƙaton littafi a cinya, shinkafarsa ta huce. A haka tsohuwar ta same shi. Na ɗauka korarmu za ta yi, sai ta jawo kujera.

Ta yi masa bayani a hankali, ni ina cike masa inda Turancinsa ya ƙare. Ta ce da can masu zane a Italiya suna zana waliyyansu a shimfiɗe, bayansu zinariya, kamar ba su da nauyi. Wajen shekara ɗari shida da suka wuce, a birnin Florence, wasu suka fara dasa ƙafafun mutane a ƙasa. Suka sa haske ya shigo ta gefe guda, inuwa ta faɗi ta ɗaya gefen, suka ari fuskokin maƙwabtansu da duk tamojin da ke jiki. Da muka gama aikin ta ba shi littafin kyauta.

A mota ya buɗe mini wani shafi. Wani mutum ne tsaye a bakin ruwa ba riga, ya rungume kafaɗunsa.

"Uwaisu, duba wanga," in ji shi. "Sanyi yake ji. Wallahi sanyi yake ji!"

Na ce, "Malam, hotunan coci ne fa. Ka yi istigfari."

Ya ce, "Ba addininsu nake kallo ba. Ƙafafunsu nake kallo. Shekara ashirin ina zane, ban taɓa tsai da mutum bisa ƙasa ba."

Daga ranar ya kamu. Duk guntun katakon da kafintoci suka yar sai ya tsince, ya shafe shi da fari, ya goge da sanfefa har ya yi santsi. Ni ya fara zanawa. Da na ga abin sai da na yi kwana uku ba na amsa masa sallama sosai, don ya sa tumbina yadda yake, har da haƙorin da ya karye. Matata kuwa dariya ta yi har da hawaye, ta ce ai ko a cunkoson kasuwa aka ɓatar da ni, da wannan za a nemo ni. Seydou bai nemi suna ba. Abu ɗaya yake so, mutanenmu su tsaya gaban aikinsa sau ɗaya su ce, lallai wannan wane ne.

Damar ta zo ta hanyar da ba mu so ba. A 2006 Abdoul Razak ya rasu, abokin Seydou tun suna yara, zuciya ce ta tsaya masa a wurin aiki. Shekara goma sha ɗaya yana wata masana'antar kujeru, kuma tun a shekararsa ta biyu inji ya cire masa yatsu biyu na hannun dama. Mahaifiyarsa a Maradi ba ta sani ba. Ita dai an gaya mata a ofis yake. Duk hoton da ya aika gida, hannun nan yana cikin aljihu, shi kuma yana jingine da motar wani. Kada wanda ya zarge shi, dukanmu mun yi. Ni kaina na taɓa ɗaukar hoto a ƙofar gidan da na je yi wa fenti.

An binne shi a nan. Mahaifiyarsa ta aiko da roƙo guda: tunda ba za ta ga kabari ba, a aiko mata da babban hotonsa ta rataye a ɗakinta. Matarsa Fourera ta duba hotunan da ke akwai, duk ƙanana ne, ta tuna da Seydou. Ya ce ya ɗauka, kuma ba ya son ko sannu.

Wata guda ya yi a kan allon nan. Ranar addu'ar arba'in aka taru a gidan Alhaji Hamidou, shugaban ƙungiyar 'yan Nijar, can McLeansville inda akwai filin ajiye motoci. Bayan an shafa fatiha an ci abinci, Seydou ya jingina allon da bango ya yaye zanen da ya rufe shi.

Abdoul Razak ne zaune a kujerar kicin ɗinsa, cikin shuɗiyar rigar aiki, hasken taga yana dukan rabin fuskarsa. Ga furfurar da ta fara cin gefen kansa, ga ƙasan idonsa da ya kumbura, ga wannan ɗan murmushin nasa na mutumin da ya gaji amma ba ya son a sani. Takalman aikinsa suna dafe da ƙasa, inuwarsa ta kwanta a bango. Hannunsa na dama yana kan gwiwa, a buɗe, da yatsu uku. Na ji kamar in ce masa sannu da aiki.

Alhaji Hamidou ne ya fara magana. "Seydou, mi ne ne wanga? Tablo na ratayewa muka ce ka yi ma tsohuwa, ba hoton asibiti ba. So kake a ce Amerik ta cinye shi?"

Wani daga baya ya ce ai wannan tonon asiri ne. Wani kuma, wanda na san falonsa cike yake da hotunan bikinsa, ya tuna a take cewa zanen mai rai haramun ne. Raina ya ɓaci har na fara ɗaga murya, Seydou ya riƙe mini hannu. Fourera yake kallo.

Ta taso daga cikin mata ta durƙusa gaban allon. Ta daɗe. Ta kai yatsanta ta taɓa wurin da yatsun nan biyu suka ƙare, yadda na tabbata ta saba taɓawa. Sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Shi ne, Malam Seydou. Wallahi shi ne."

Na ga fuskar Seydou ta saki. Shekara uku yana jiran kalmar nan.

Ta ce, "Don haka ba za ya tafi Maradi ba. Shekara goma yana ɓoye ma Inna hannun ga. Ba ni za ni buɗe shi ba bayan ransa. Ni ma ba ni iya kwana ɗaki guda da shi. Don Allah ka gyara shi irin na gida."

Na so in ji haushinta, na kasa, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Da wani ne ya ce aikin bai yi kyau ba, da mun zage shi a mota mun huce.

Wanda zai tafi Nijar da allon bayan kwana biyu zai tashi, babu lokacin shirya sabon allo. Washegari da hantsi na sami Seydou a bayan gidansu, ya ɗora wancan allon a kan bokiti biyu. Ina tsaye ya sa wa Abdoul Razak farar shadda mai aiki a wuya. Ya cike kumatun, ya share furfurar, ya mayar da yatsu biyar har da zobe. Taga da kujera da inuwa duk ya bi su da ruwan zinariya. Abin da ya ci masa wata guda, kafin la'asar ya rufe shi. Tsohuwar sana'a ba ta manta shi ba.

Bayan mako uku saƙo ya zo daga Maradi. Tsohuwa ta yi kuka ta yi godiya, ta ce Amurka ta karɓi ɗanta, ga shi ya yi ƙiba ya yi haske. Maƙwabta suna shigowa kallo. Nan da nan mutanen da suka zage shi a McLeansville suka fara kiran Seydou a waya, kowa yana son a yi wa babansa irin wannan. Alhaji Hamidou ma ya aiko da hotonsa. Seydou bai amsa wa kowa ba. Ya kwashe ƙananan buroshinsa ya zuba a kwandon shara, littafin kuma ya koma ƙarƙashin ƙafar gadonsa da ta gutsure.

Mun ƙara shekara uku muna aiki tare kafin bayansa ya hana shi hawa tsani. Sau ɗaya kawai ya ta da maganar. Muna shafa wa wani gareji fari a Summerfield, yana sama ina ƙasa, sai na ji ya ce, "Ban kankare shi ba, ka sani. Bisa na shafa."

Na ce, "Wa?"

"Abdoul Razak. Yana nan ƙarƙashi da hannunsa, cikin ɗakin uwarsa. Kullum tana kallon wurin."

Ya miƙo mini bokiti ya ce in ƙaro fari.