Ƙwaryar da Iya Take Kifewa

A gidanmu, wani ƙauye gabas da Kore Mairuwa, in an gama tuwo a lokacin sanyi, Iya takan tura karan gero cikin murhu, mu jikoki mu kewaye ta. Ita ta haifi babana. Sana'arta matsar man gyaɗa, zanenta kullum ƙamshin ƙuli-ƙuli yake, shi ya sa muke turereniyar zama a jikinta. Tana da tatsuniyoyin gizo da kura kamar kowace tsohuwa. Amma akwai guda ɗaya da ban taɓa ji a bakin kowa ba sai ita, kuma in ta ɗauko ta, ko mai tari sai ya haɗiye.

Asalinta daga autan Iya ne, Baba Arzika, mahaƙin rijiya. Wajen ƙarshen mulkin Faransa wasu Nasaru suka zo da kamiyo, manyan motocin kaya, suna aune-aune a duwatsun Dogon Dutsi, aka ce mai suke nema a ƙarƙashin ƙasa. Iya ta yi dariya har ta riƙe ciki.

"To wa yas shibka musu gyaɗa can ƙasa?" in ji ta.

Suka ɗauki Baba Arzika aikin haƙa. Ranar da ya zo sallama za su nausa arewa, ya zauna gefen murhunta yana ba ta labarin abin da ya tsinta a bakin tafinta, na yadda man nan yake kwanciya cikin ƙasa. Washegari ya tafi. Bayan damina wanda suka tafi tare ya dawo, ya ce ya baro shi da zazzaɓi a wata rijiyar makiyaya, bai san abin da ya biyo baya ba. Iya ta hana a yi masa sadakar mamaci. Hirar da ya bar mata kuwa, ita ta juya ta zama tatsuniya, don kada ta ɓace mata.

Takan ce a can da ƙasarmu duk teku ce. A gindin tekun akwai wata baƙar Laka, duk abin da ya mutu a ruwa jikinta yake kwantawa. Yashi ya zo ya rufe ta, wani yashin ya rufe wancan, nauyi da zafi suka yi ta dafa ta har ta haifi ɗa, aka sa masa suna Mai. Shi kuwa Mai ba ya zama a ƙarƙashin ruwa.

"Kun gane shi cikin tukunyata," takan ce. "Ko kun danne shi, bisa shika nema."

Haka ya riƙa hawa ta ƴan kafofin yashi, yau kaɗan gobe kaɗan. Inda ya tarar da yumɓu mai tauri ya lanƙwashe kamar ƙwarya a kife, sai hanya ta ƙare, ya taru a ciki ya zauna lafiya har yau. Inda ƙwaryar ta tsage kuwa, sai ya zurare waje, rana ta shanye shi, ba a san inda ya yi ba.

A daidai nan Iya takan jawo ƙwarya ta kife a ƙasa, ta bi bakinta da yatsa tana tura rairayi. Ba ta taɓa rufe wannan tatsuniya da ƙurunƙus ba. Sai dai ta yi ta tura rairayin, wuta ta ci ta cinye, iyayenmu su kira mu.

Ni da shegen baki, wata rana na ce, "Iya, shi Mai namu wace ƙwarya yas samu?"

Ta tura wani kara cikin murhu, ta ce:

"Tsagagga, ɗiyata. Ni ta ƙwaryar. Ya tambaye ni, da na ce a'a ba shi tahiya. Nic ce Allah shi kiyaye hanya."

Ban gane Baba Arzika take nufi ba a lokacin, na dai ga babana ya tashi ya fita. Iya ta rasu tana sa a ajiye tuwon mutum ɗaya a akushi.

Sai da na yi furfura jikata ta dawo hutu daga Yamai, inda take karatun duwatsu, na ba ta tatsuniyar don nishaɗi. Ta ce kusan haka ake koya musu. Ta ce baƙar lakar nan, da Faransanci uwa suke kiranta, uwar dutse. Ita dai haihuwa ce aikinta. Mai dole ya bar ta ya yi tafiya, in ma ya sami abin da zai riƙe shi, wani dutse ne dabam, sau da yawa a can nesa.

Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izar Iya. Tana cikin tatsuniyarta tun daga farko, ita ce Laka, sai ta zaɓi wurin ƙwarya da ba nata ba ta zauna. Shekara da shekaru tana faɗa mana da bakinta cewa uwa ba ita ke riƙewa ba, mu yara ba mu gane ba, ita kuma ba ta ji ba.