Yadda Sha-duka Ya Koya wa Guguwa Mutuwa

Sha-duka gyaran kujeru yake yi yanzu. Shagonsa na ƙarƙashin wani bene, tsakanin mai walda da mai aski, in ka leƙa za ka same shi da ƙananan ƙusoshi a baki yana ɗame yadi a jikin kushin. Amma kafin nan shekara ashirin da biyu ya yi a harkar fim, kuma aikinsa guda ne: ya fito cikin yaran mugu, jarumi ya naushe shi, ya faɗi. Ya faɗo daga kan mota, ya gangaro daga matakala, sau ɗaya ma ya afka kwata da gaske, darakta ya ce a maimaita don haske bai yi ba. Daga nan sunan ya bi shi.

Wanda ya fi jibgarsa shi ne Guguwa, jarumin da a zamaninsa in ya juyo da wuya kawai sai 'yan kallo su hau tafi. Guguwa bai taɓa faɗuwa a fim ba, sharaɗinsa ne. Ko harbinsa aka yi, sai dai ya dubi hujin rigar ya ci gaba da tafiya. Tsakaninsa da Sha-duka gaisuwa ce kawai, ita ma daga ɓangare ɗaya take fitowa.

Wata Talata da hantsi sai ga mota ta tsaya a ƙofar shagon. Guguwa ya fito a hankali yana dafa murfin motar, tumbi na yi masa jagora, baƙin da ya shafa wa gashinsa ya ɓata wuyan riga. Ya yi doguwar gaisuwa, ya tambayi iyalin da bai taɓa sanin akwai su ba, ya yaba kujeru, sannan ya zo kan magana. Wasu samari ne ke haɗa fim a kan satar da aka yi a wani ɗakin ajiyar magunguna, da kyamara ɗaya, a gidan haya ɗaya. Sun ba shi matsayin kawun ɗan sandan da ke bincike. Fitowa uku zai yi, a ta ukun a harbe shi.

"Mutumina," ya ce, ya rage murya, "faɗuwa nake so ka koya mini. Kada kowa ya ji."

Sha-duka ya tofo ƙusoshin a tafin hannunsa. Ya daɗe yana tanadin abin da zai gaya wa mutumin nan in duniya ta kawo shi ƙofarsa, har jera kalmomin yake yi in yana aiki. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "To Yallaɓai, cire agogon."

Suka ja ƙofar shago rabi, suka shimfiɗa soso. Guguwa na faɗuwa ne kamar mai neman allurar da ta ɓace: sai ya duba ƙasa, ya zaɓi wuri, ya sauke gwiwa ɗaya, ya kishingiɗa, sannan ya gyara riga. Sha-duka ya bayyana masa cewa wanda aka harba ba ya zaɓen makwanci, gwiwoyi ne ke fara cin amanarsa, sauran jikin ya biyo baya. Da bayani ya ƙi shiga, sai ya tashi ya nuna da kansa, yana ɗan shekara sittin da ɗaya. Ya ji wani daɗin da ya manta da shi, ya ƙara, ya sake ƙarawa. A gida matarsa na murza masa man zafi a baya tana cewa da can ma dai sai an doke shi yake faɗuwa, yanzu kuwa da kansa yake kai kansa ƙasa.

Kwana huɗu suka yi a haka. Ranar ɗaukar fim ɗin Sha-duka ya bi shi da soso a kafaɗa, Guguwa ya gabatar da shi a matsayin mai kujerunsa. Daraktan, wanda bai wuce sa'ar 'yar Sha-duka ba, ya ce sau ɗaya za a yi, don rigar ta aro ce kuma jan ruwan da ke madadin jini bai fi cokali uku ba. Aka buga katako biyu a madadin ƙarar bindiga. Guguwa ya tafi luu, ya zube kamar buhun da aka kwance wa baki. Matar mai gidan da ke leƙe ta taga har ta fara salati. Sha-duka ne ya ɗaga shi, don ya kasa tashi.

Fim ɗin bai yi wani abin kirki ba, tun minti na biyar kowa ya gane ɓarawon. Amma mutuwar Guguwa ta zagaya wayoyin mutane, daraktoci suka yi ta nemansa. Cikin shekara guda an kashe shi sau tara. A wata hira ta rediyo aka tambaye shi inda ya koyi wannan faɗuwa, ya ce baiwa ce daga Allah, irin wannan ba a koya wa mutum.

'Yar Sha-duka, wadda ta kawo masa abinci shago a ranar, ta kashe rediyon a fusace.

"Baba, ka ji fa. Ba za ka ce komai ba?"

Ya ce zai ce. Ya lura a fina-finan baya-bayan nan mutumin ya koma tokare ƙasa da gwiwar hannu, in ba a yi wasa ba wata rana sai ta tsage. Ya yanko ragowar soso, ya lulluɓe da farin yadi, ya ɗinka 'yan matasai biyu masu igiyar ɗaurawa a gwiwar hannu, ya aika masa.

Bayan kwana biyu direban Guguwa ya dawo da su a leda. Ya ce Yallaɓai na gaisuwa, ya ce sun yi daidai, amma a sake musu baƙin yadi, farin yana nunawa ta cikin riga. Sha-duka ya duba shagon, babu baƙi sai na kujerar wani lauya da aka kawo gyara. Ya juya kujerar, ya yanko daga ƙarƙashi inda ba mai dubawa.