Sawun da Ya Kai Baba Ƙofar Idi Maƙeri

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, mutumin da duk Sassumbrum ta sani da bin sawu. In akuya ta ɓata, shi ake kira. Sai ya durƙusa ya dubi rairayi, ya ce, "Tana ɗingishi da ƙafar hagu, wanda ya ja ta kuma gajere ne." A bi shi, a tarar haka ne. Mu 'ya'yansa kuwa sawun jaki ma da ƙyar muke rabe shi da na doki, ya sha yi mana tsiya a kan haka.

Wata shekara aka sace ragon wani maƙwabcinmu. Baba ya bi sawu, jama'a na biye, har ya tsaya cak a ƙofar amininsa Idi maƙeri. Ba a sami rago a gidan ba, amma wa zai yi musu da Baba? Idi bai ce uffan ba. Aka daina kai masa gyaran hauya, ana nuna 'ya'yansa da baki, kafin lokacin kaka Idi ya kwashe iyalinsa ya koma garin Waca. Bayan shekara uku Baba ya fara kiran mu da sunayen ƙannensa da suka daɗe da rasuwa. Mu muka ce tsufa ne, wasu suka ce sammu. Ba wanda ya tuna da zancen ragon.

Bana yayana Sale ya fara ɓatan hanya tsakanin gona da gida, muka kai shi wani babban asibiti a birni. Aka kwantar da shi, aka zura kansa cikin wata na'ura mai ƙara. Ba wuƙa, ba jini, sai ga cikin kan ɗan'uwana a kan allo, lungu-lungu! Wallahi sai na shiga tasbihi. Likitar ta nuna wani ɗan wuri, ta ce nan ne ma'ajiyar tunawa, kuma ya fara motsewa. Ta ce hoton shi kaɗai ba ya yanke hukunci sai an haɗa da tambayoyi, amma irin wannan ciwon mantuwa yakan yi shekaru yana aiki kafin iyali su farga.

Na tabbata da Baba na nan, da ya durƙusa gaban allon nan ya wuni, yana tambaya wa ya koya wa ƙarfe bin sawu. Ni kuwa shekarun da ta ambata ne suka tsaya mini a rai. Na lissafa baya, sai na faɗa kan ragon.

Na hau babur ɗin kabu-kabu zuwa Waca. Na sami Idi ya tsufa tukuf, na durƙusa na kwashe labari na gaya masa.

"Ɗana, ai tun ranar na sani," in ji shi. "Na ga idonsa. Ba sawu ya biyo ba, sawun ya ɓace masa. Ƙafarsa ce ta kawo shi gidan da ya saba zuwa. Da na ce ya ruɗe a gaban mutanen nan, da na kashe shi da ransa."

Na ce, "Baba Idi, me za mu yi maka?"

"Ni na gama nawa. Jikokina dai kar a kira su jikokin ɓarawo."

Na daɗe ina zaton gwanintar ido ce babban abin da Baba ya bari, ga shi ta bi shi kushewa. Ashe abin da ya rage ya fi ta nauyi: Baba ya yi zaman amanar da ya sa wani mutum ya ɗauki sunan ɓarawo kusan shekara ashirin don ya rufa masa asiri. Juma'ar da ta biyo baya na miƙe bayan salla a Sassumbrum, na ce Idi bai saci rago ba, mahaifina ne ba shi da lafiya, mu kuma ba mu gane ba.

Allah Ya gafarta wa Baba. Mu da muka bi shi har ƙofar nan, Allah Ya yafe mana.