Ranar Da Na Zauna A Ajin Ƴata

Shekarun baya, muna zaman ci-rani a unguwar Gurda, ƴan Nijar mazauna unguwar suka haɗa kai suka buɗe ƴar lakwal, wato makaranta, don yaranmu su samu Faransanci. Aji biyu ne, na maza da na mata. Sai malamar ƴan matan ta koma Agadas, aka rasa madadinta, malamin mazan ya haɗe su aji guda.

Yarana biyu na ciki, ɗana da ƙanwarsa, duk sun fara tasowa. Maigidana ya dawo daga wajen gini, ko siminti bai kakkaɓe ba ya ce, "Tunda an haɗe su, gobe kar yarinyar ta je."

Na ce, "Maigida, ka yi haƙuri, bar ni in sa ido tukuna."

Ɗan nawa dai, wanda sai an yi kokawa yake wanka, ya koma shi ke neman sabulu. Turaren babansa ya fara ƙarewa ba dalili. Karatu kuwa ya riƙe shi gam, wai kar mace ta wuce shi. Ita kuma da ke kan gaba a ajin mata sai ta yi sanyi, sakamako ya sauka, abinci ma sai an matsa mata. Ni tuni na gama yanke hukunci, wani yaro ne ya hure mata kunne.

Na zura hijabi na tafi kama mai laifi. Na zauna a bencin baya ina zare ido, ni da ban san komai a Faransanci ba sai gaisuwa.

Malam ya rubuta tambaya a allo. Ƴata ta ɗaga hannu a hankali, tana fara magana wani daga layin maza ya siranta murya yana kwaikwayonta. Aji ya fashe da dariya, ta sunkuyar da kai. Cikin masu dariyar har da ɗana, yana ta ƙamshi.

A hanya na ce mata, "Tun yaushe?"

"Inna, tun ranar farko. Gara in yi shiru."

Da na faɗa wa maigidana, na ɗauka shi ke nan, zai cire ta. Sai ya kira yaron ya ce, "Ƙanwarka ake wa dariya kana taya su?" Ya juyo gare ni. "Ita za a zaunar a gida don wasu ba su da tarbiyya? Za ta je."

Malam ma ya kafa doka, duk wanda ya yi dariya shi zai fito allo ya amsa. Kafin zango ya ƙare muryarta ta dawo.

Har yau in aka tambaye ni ko haɗa su alheri ne, ba ni da amsa guda, don a gidana ya ɗaga ɗaya, ya kusa kayar da ɗaya. Na dai koyi tambayar yaro kafin in zarge shi.

Yanzu ƴar tawa ce ke koyarwa a unguwar Hajara, maza da mata. Na taɓa leƙa ajinta. Wata ƴar siririya ce tsaye tana amsa tambaya, ta yi kuskure, ta gyara da kanta, kowa na saurare.